Daga Karatun Lahadi zuwa Wa'azi a Ƙasar Adar



Mai wa'azin da aka bar wa zaɓi yakan manne wa ayoyin da ya fi so, jama'a su shekara suna jin abu guda. Jadawalin karatun mako-mako shi ne maganin wannan. Cocin Katolika ya fito da nasa a 1969, bayan babban taron Vatikan na biyu: shekara ta farko Matiyu, ta biyu Markus, ta uku Luka, ana sako Yohanna musamman a lokacin Ista. Kowace Lahadi akwai karatun farko, galibi daga Tsohon Alkawari, sai Zabura, sai wasiƙar manzanni, sannan Bishara. Fastocin cocin EERN, waɗanda suka gaji aikin mishan ta SIM mai asibitin Galmi tun 1950, ba a ɗaure su da wannan tsari ba, amma ina ganin babu asara idan suka leƙa shi.

Masu wa'azi, ku fara tun Litinin, ku karanta ayoyin Lahadi da babbar murya, kuma da Hausa, ko da littafin jadawalinku na Faransanci ne. An zaɓi karatun farko don ya dace da Bishara, wasiƙa kuwa galibi bin ta ake babi bayan babi, don haka kada ku tilasta mata ta faɗi abin da ba ta faɗa ba.

A shekarar Matiyu, misalin mai shuka na babi na 13 yana faɗowa a tsakiyar Yuli, tare da Ishaya 55 mai zancen ruwan sama. A lokacin manomin Buza ya gama shuka, idonsa na kan hadari. Littattafan sharhi da aka rubuta a Turai za su jera muku ƙasa iri huɗu, su yanke ƙauna ga mai duwatsu. To, wa kuke gaya wa haka? Mutanen Keita, tun da aikin raya ƙasa na Italiya da hukumar FAO ya fara a 1984, suka ɗauki duwatsu a ka, mata ne ma suka fi yawa, suka jera su suka tare ruwa, suka haƙa ramuka a fako, gero ya tsiro inda da ko akuya ba ta tsayawa. A kwarin Magiya an dasa layukan dogon yaro tun 1975 don tare iska. Wanda ya yi wannan aiki da hannunsa ya riga ya san ana gyara ƙasa mai tauri, kuma zai so ya ji ko zuciya ma haka take. Wa'azinku ya amsa masa.

Haka labarin ɗan da ya bar gida a Luka 15. Yana zuwa a azumin Kirista na shekarar Luka, wajen Maris, lokacin da samarin Madawa suke cin rani a Abijan ko Legas ko Libiya. Ku yi hattara: yaranmu ba almubazzaranci ya fitar da su ba, rumbu ne ya ƙare. Waɗanda ke zaune gabanku ranar nan su ne uwar da ke jiran kiran waya da wan da ya tsaya yana ban ruwan albasa, kuma labarin ya ba wan nan kaso mai tsoka da masu wa'azi suka cika tsallakewa.

Abu na ƙarshe, majami'unmu ƙanana ne, tagoginsu a buɗe, maƙwabci Musulmi yana jin duk abin da aka faɗa. Kafin Lahadi ku sake bin takardarku, ku cire duk kalmar da ba za ku iya maimaita masa ba idan kun haɗu a kasuwa.