SAUYIN LAUNIN FATA GA MAI CIKI: JAWABI GA MATAN AJIN YAƘI DA JAHILCI

Wannan shi ne jawabin da malamar awon ciki ta yi wa mata 'yan ajin yaƙi da jahilci. A karanta shi a gida, maigida ma ya ji.

Bayan sallama, malama ta ce mata da yawa suna yin duhu idan sun sami ciki. Kan nono yana ƙara baƙi. Wuya da hammata su ma haka. Wani baƙin layi yakan fito daga cibiya zuwa mara. Wasu kuma baƙi-baƙi yakan fito musu a goshi da kumatu da saman leɓe.

Ta ce wannan ba ciwo ba ne, kuma ba sammu ba ne. Kada a zargi kishiya ko maƙwabciya. Ciki ne ke sa jiki ya ƙara yin sinadarin da ke ba fata launinta. Zafin rana yana ƙara baƙin fuska, don haka mai ciki ta sa malafa idan za ta gona ko rijiya. Bayan haihuwa da 'yan watanni, yawancin baƙin yakan dushe da kansa. Layin ciki kuma ba ya nuna namiji za a haifa ko mace.

Daga nan malama ta ja kunnen mata a kan man bilicin. Ta ce wasu mayukan da sabulan suna da zaiba a ciki. Zaiba tana ratsa fata ta shiga jini, ta kai ga ɗan da ke ciki, ta taɓa ƙwaƙwalwarsa. Tana kuma lalata ƙodar uwa. Man kaɗanya ya ishi mai ciki.

Sai ta juya kan fari. Ta ce shi fari ba a yi masa sakaci, domin iri-iri ne.

Na ɗaya, ƙyasbi. Yana fitowa a ƙirji da baya da wuya, yana ɗan yin gari idan an sosa. Gumi da zafi ke ƙara shi. Akwai maganin shafawa a asibiti.

Na biyu, farin da ke fitowa sol kamar nono, a hannu ko baki ko gefen ido. Wannan ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. A ci abinci tare da mai shi, kada a ƙyamace ta.

Na uku, tabo mai haske ko ja-ja wanda ba ya ƙaiƙayi, kuma ba ya jin taɓi. Mace ta rufe ido, a shafa mata auduga a wurin. Idan ba ta ji ba, yana iya zama farkon kuturta, kuma ciki yakan fito da ita fili. Malama ta ce kada a ɓoye don kunya. Kuturta tana warkewa. Tun shekarar 1995 ake ba da maganinta kyauta, ana sha wata 6 ko wata 12, kuma mai ciki tana iya shansa. Wadda ta zo da wuri ba za ta rasa yatsa ba.

Na huɗu, idan tafin hannu da harshe da cikin ido suka yi fari fat, ga jiri da kasala, to ƙarancin jini ne. Yana da haɗari ranar haihuwa. A sha ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo, a ci zogale da wake da hanta.

A ƙarshe ta roƙi magidanta su bar matansu zuwa awo, su ba su kuɗin mota. Ta ce duk wadda ta ga fari a jikinta, ta nuna wa malaman asibiti kafin ta shafa komai. Allah ya sauke kowa lafiya, amin.