Kai Ɗan Talaka Jami'a Da Riƙe Shi Har Ya Kammala



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ya iyayenmu malamai, da shugabannin rassa, da sauran 'yan'uwa maza da mata, abin da aka ɗora mana mu yi magana a kansa a wannan zama shi ne yaron da ya taso a gidan da ba a taɓa samun wanda ya shiga jami'a ba, kuma gidan ba mai hali ba ne. Kowa a cikinmu ya san irin wannan yaro a unguwarsu. Ya gama sakandare da sakamako mai kyau, malamansa suna yaba shi, amma bayan shekara biyu sai ka gan shi a tasha yana jiran fasinja, ko kuwa idan yarinya ce ka ji an ce magana ta ƙare. Wani kuma ya shiga ɗin, ya yi aji ɗaya ko biyu, ya dawo gida shiru, ba digiri, ba sana'a, ga kuɗin da iyayensa suka sayar da akuya suka ba shi ya tafi.

Mun zaɓi mu ɗauko misalanmu daga ƙasar Amurka, domin kuwa a can ne aka daɗe ana gwada hanyoyin taimakon irin waɗannan ɗalibai, ana ƙirga sakamakon da alƙalami, ana ware abin da ya yi amfani da wanda bai yi ba. Kada wani ya ce ina ruwanmu da Amurka. Wanda yake son ya haƙa rijiya ba ya ƙin tambayar wanda ya riga shi haƙawa don kawai ba garinsu ɗaya ba.

Tun a shekarar 1964 gwamnatinsu ta ƙirƙiro shirin Upward Bound don shirya 'ya'yan talakawa tun suna sakandare, a 1972 kuma ta kafa tallafin karatun da daga baya aka sa wa suna Pell, wanda kyauta ne, ba a biyansa. Duk da haka, a 2008 wata cibiyar bincike mai suna Pell Institute ta fitar da rahoto cewa cikin ɗaliban da suka haɗa talauci da kasancewa na farko a gidansu, kashi 11 cikin 100 ne kawai suka sami digiri bayan shekara shida da shigarsu, alhali kuwa takwarorinsu da ba su da waɗannan matsaloli biyu kashi 55 cikin 100 suka samu. A lura, duk waɗannan sun riga sun shiga. Ashe ke nan buɗe ƙofa abu ne dabam, fitowa da takarda kuma abu ne dabam. A wannan giɓi ne ƙungiyoyin sa-kai suka sami wurin aiki.

Bari mu fara da matakin shiga. A 2008 wasu masana suka yi gwaji a jihohin Ohayo da Karolina ta Arewa, tare da wani kamfani mai cika wa mutane takardun haraji, H&R Block. A lokacin fom ɗin neman tallafin gwamnati yana ɗauke da tambayoyi fiye da 100. Sai aka kasa iyalai marasa hali kashi-kashi. Wasu aka ba su bayani kawai, aka nuna musu yawan tallafin da za su iya samu. Wasu kuwa ma'aikaci ya zauna da su na 'yan mintoci ya cika musu fom ɗin. Da aka bi sawu, waɗanda aka ba bayani kawai ba su bambanta da waɗanda ba a yi wa komai ba. Amma 'ya'yan waɗanda aka cika wa fom, adadin masu yin shekara biyu a manyan makarantu a cikinsu ya tashi daga kashi 28 zuwa kashi 36 cikin 100. Ya 'yan'uwa, mu mutane ne masu yawan wa'azi da faɗakarwa, kuma muna alfahari da haka, to amma wannan sakamako ya kamata ya tsayar da mu. Gaya wa talaka cewa akwai dama ba ya kai shi ga damar. Sai an zauna da shi an kama alƙalami.

Akwai kuma abin da suka gano game da watannin da ke tsakanin samun gurbi da ranar buɗe makaranta. Wasu masana biyu, Castleman da Page, sun nuna cewa ɗaya zuwa biyu cikin kowane ɗalibai goma da suka yi niyyar tafiya ba sa bayyana ranar da aka buɗe, kuma abin ya fi haka a cikin 'ya'yan talakawa. Dalilan ba manya ba ne: takarda ta zo ba a fahimce ta ba, wa'adi ya wuce, an nemi wani ɗan kuɗi da ba a zata ba, ga shi malaman sakandare sun sallame shi, na jami'a ba su karɓe shi ba tukuna. Ɗan mai ilimi idan ya ci karo da irin wannan sai ya kai wa babansa. Ɗan da babansa bai taɓa ganin irin takardar ba, wa zai kai wa? Da aka gwada aika musu saƙonnin tunatarwa ta waya, tare da ba su mutumin da za su iya tuntuɓa, an ga ƙarin masu isa makaranta, kuma da kuɗi kaɗan.

To, idan ya shiga fa? A nan muke son mu ɗan daɗe. A 1989 wata mata mai suna Deborah Bial, mai aiki da matasa a birnin Niyok, ta ji wani yaro da ya bar jami'a yana cewa da yana tare da abokan tafiyarsa da bai bari ba. Daga wannan magana ta kafa gidauniyar Posse, kalmar da matasansu suke nufin ayarin abokai da ita. Ta fara da ɗalibai biyar da ta tura Jami'ar Vanderbilt tare. Tsarin da suka zauna a kansa shi ne a zaɓi yara goma daga gari ɗaya, a yi wata takwas ana tara su kowane mako ana horar da su kafin su tafi, sa'an nan a tura su jami'a ɗaya a ayari, jami'ar ta ɗauke musu kuɗin makaranta, ta kuma ba su malami guda da zai riƙa zama da su a kai a kai a shekara biyun farko. Gidauniyar ta ce kashi 90 cikin 100 na ɗalibanta suna kammalawa. Gaskiya ne su suna tace yaran da suke ɗauka, suna neman masu alamar shugabanci, ba talauci kaɗai suke dubawa ba, saboda haka ba za a danƙa wa tsarin dukkan yabon ba. Amma abin da yaron nan ya faɗa ya taɓa wani ciwo da kuɗi ba ya warkarwa, wato kaɗaici. Yaron da ya bar ƙauyensu ya tarar kowa ya san yadda ake rajistar darussa, ya san yadda ake tunkarar malami a ofishinsa, shi kaɗai ne bai sani ba, kunya takan hana shi tambaya. Ya faɗi jarrabawa ɗaya, ya ɗauka shi ne ba ya ja, ya ɓoye wa gida domin duk dangi sun zuba masa ido.

Wata ƙungiyar, Bottom Line, da aka kafa a Boston a 1997, ita kam 'ya'yan talakawa da na farko a gidajensu take ɗauka, kuma babban abin da take bayarwa shi ne mai ba da shawara, wanda zai taimaki yaro ya zaɓi makarantar da aljihunsa zai iya ɗauka, ya kuma ci gaba da bibiyarsa har tsawon shekara shida. Da aka gwada ta hanyar ƙuri'a, wasu su sami taimakon wasu su rasa, an tarar waɗanda suka samu sun fi kammala digiri. Haka nan Jami'ar Birnin Niyok ta fara wani shiri mai suna ASAP a 2007, inda take haɗa wa ɗalibi katin shiga jirgin ƙasa da bas, da littattafai, da mai kula da shi wanda dole ne ya riƙa ganinsa. Sakamakon da aka bayyana a 2015 ya nuna kashi 40 cikin 100 sun kammala cikin shekara uku, sauran da ba sa cikin shirin kuwa kashi 22. Kuɗin mota, ya jama'a! Abin da mai hali ba ya ma sa shi a lissafi.

Amma wanda ya fi ba mu sha'awa shi ne na Jami'ar Jihar Jojiya da ke Atlanta. Sun lura kowane zangon karatu suna cire sunayen ɗalibai masu yawa saboda ragowar kuɗin makaranta, wani lokaci dala 'yan ɗaruruwa, kuma da yawansu sun kusa gamawa. A 2011 suka fara biyan wannan ragowa, wadda a tsaka-tsaki ba ta wuce kusan dala 900 ba. Ɗalibi ba ya rubuta takardar roƙo. Su ne suke duba littafinsu, su ga wanda karatunsa ke tafiya daidai kuma ɗan kuɗi ya tsare shi, su biya, su sanar da shi. Duk wanda ya san halin ɗan mutunci, wanda zai gwammace ya kwana da yunwa da ya buɗe baki, ya san darajar wannan.

Yanzu mu dawo gida, domin ramukan da yaranmu suke faɗawa ba su da nisa da waɗancan. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, ga yaron da wataƙila bai taɓa ɗora hannu a kanta ba sai ranar jarrabawa. Tun 2021 ba a rajista sai da lambar zama ɗan ƙasa, kuma idan suna ko ranar haihuwa suka saɓa da abin da ke takardar WAEC ko NECO, to an shiga wahala. Ana iya ba yaro gurbi a shafin hukumar, wa'adin amincewa ya wuce bai sani ba, don ba shi da kuɗin zuwa kafe ya duba. Da yawa kuma suna zaɓen fannin likita ko lauya saboda sunan, alhali makinsu zai ba su gurbi a wani fannin, babu wanda ya zaunar da su. Wanda ya shiga kuwa, yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya cinye masa kusan wata tara, na 2022 wata takwas, kuɗin haya yana tafiya, karatu yana tsaye. A 2023 aka janye tallafin man fetur, jami'o'i da dama kuma suka ƙara kuɗin rajista a wannan shekarar.

A 2024 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun bashin ɗalibai, NELFUND. A yadda aka fara shi, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantun gwamnati, yana ba ɗalibi Naira 20,000 a wata, babu ruwa a kansa, kuma ba a fara biya sai bayan shekara biyu da gama yi wa ƙasa hidima. Wannan sauƙi ne, kuma ya kamata mu taimaki yaranmu su cika fom ɗinsa daidai. Sai dai ba ya zuwa sai ɗalibi ya riga ya sami gurbi sunansa ya shiga littafin makaranta. Kuɗin jarrabawa, da na amincewa da gurbi, da na motar farko, da katifa da bokiti, duk suna gabansa.

Dole ne kuma mu faɗi wata magana ko da ba za ta yi daɗi ba. Al'adar da ta yaɗu a cikinmu ita ce a tara yara ɗari biyar a raba musu fom ɗin JAMB, a ɗauki hoto, a watse. Nawa ne suka ci? Nawa suka sami gurbi? Nawa suka kai aji uku? Wanda ya raba ɗin ma ba zai iya faɗa ba. Mu a ganinmu reshen da ya ɗauki yara goma ya riƙe su shekara huɗu ko biyar har suka fito ya fi wanda ya saya wa ɗari biyar fom ya manta da su. Kuma riƙon ɗalibi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suke aika dukiya Misira don makarantar Ibn Rashiƙ, inda ɗalibansu da mahajjatansu suke sauka, a Azhar kuma an ware wa 'yan Barno sashensu na kwana, ana ciyar da su daga wakafi. Waɗancan magabata sun gane cewa mai neman ilimi a baƙon wuri yana bukatar makwanci da abinci da 'yan'uwan da zai jingina da su, kuma sun ɗora abin a kan wakafi domin bukatar ba ta shekara ɗaya ba ce. Zakka takan zo sau ɗaya, ɗalibi matalauci kuwa yana cikin masu haƙƙi a kanta, amma shago ɗaya ko gida ɗaya da aka tsayar da hayarsa don wannan aiki shi ne zai hana a yar da yaro a aji biyu.

Abin da muke roƙon kowane reshe shi ne ya fitar da mutum uku amintattu, a cikinsu a sami wanda ya yi jami'a, a sami mace. Su nemi sunayen yara daga shugabannin makarantun sakandare na gwamnati, a auna da bukata da ƙwazo. Ɗan shugaban reshe bai fi ɗan mai gadin masallaci ba, kuma ba a tambayar uban yaro ko yana zuwa karatunmu. 'Yan'uwanmu da suke koyarwa ko suke karatu a Samaru da Kano da Sakkwato da Maiduguri da sauran wurare, kowa a ɗora masa ɗalibi biyu ko uku, ya tarye su ranar zuwa, ya ga sakamakonsu a ƙarshen kowane zango, kafin faɗuwa ɗaya ta zama uku. 'Yan mata kuma ɓangaren mata su tsaya a kan masaukinsu, domin iyaye da yawa rashin sanin inda 'yarsu za ta kwana ne yake sa su ce a'a. A ajiye wani kaso na kuɗin a gefe don gaggawa, wanda mutum biyu za su iya fitarwa cikin kwana ɗaya ba sai an jira taron wata ba. Kowane kwabo a rubuta shi, a karanta lissafin a gaban jama'a, amma sunayen yaran su tsaya a wurin mutum ukun nan. Rassan da suka shirya su miƙa sunayen wakilansu ga kwamitin ilimi kafin a buɗe rajistar jarrabawa mai zuwa.