Matsin Lamba da Yanayin Tunani a Ƙarshen Zamanin Gwarzo: Nazari kan Lee Chong Wei na Malesiya

Badmintan wasa ne da ake bugawa da raket da wata 'yar ƙwallo da aka yi da gashin tsuntsu goma sha shida, wadda nauyinta bai wuce kimanin giram 5 ba, a fili mai tsawon mita 13.4 da raga ta raba gida biyu. Tun daga shekarar 2006 hukumar wasan ta duniya ta sauya yadda ake ƙirga maki, ta yadda duk lokacin da ƙwallo ta faɗi sai an ba wa ɗaya daga cikin 'yan wasan maki, ana kammala turmi a maki 21, kuma wanda ya ci turmi biyu cikin uku shi ya yi nasara. Idan aka yi kunnen doki a 20 da 20, sai an ci gaba har wani ya ba da ratar maki biyu, ko kuma a kai 30. A tsohon tsari mai fara bugu ne kaɗai yake samun maki, saboda haka kuskuren da ya yi a lokacin da bugu yake hannunsa bai wuce ya rasa bugun ba. A sabon tsari kuwa kowane kuskure maki ne a aljihun abokin hamayya. Wajibi ne a riƙe wannan tun farko, domin duk abin da za a faɗa game da matsin lamba a wannan wasa yana rataye ne a kan cewa aikin shekaru huɗu yana iya ƙarewa a bugu biyu.

Lee Chong Wei, wanda aka haifa a watan Oktoba na 1982 a jihar Perak ta ƙasar Malesiya, shi ne ɗan wasan da ya fi dacewa a duba wannan batu a kansa. Ya riƙe matsayi na ɗaya a jadawalin duniya na tsawon mako 349, daga ciki har da mako 199 a jere tsakanin 2008 da 2012, ya lashe gasar All England ta Ingila sau huɗu, ya kuma ɗauki kofin gasar Malesiya sau goma sha biyu. Duk da haka bai taɓa cin lambar zinare ba a gasar Olamfik ko a gasar cin kofin duniya, alhali ya kai wasan ƙarshe na Olamfik sau uku a jere, a 2008 da 2012 da 2016. Ƙasarsa kuma ba ta taɓa samun zinare a Olamfik ba a kowane irin wasa, kuma a tsawon waɗannan shekaru shi ne wanda jama'a suka fi zuba wa ido ya kawo shi.

Abin da ake nufi da matsin lamba a ilimin halayyar 'yan wasa shi ne duk wani yanayi da ke ƙara wa sakamako muhimmanci a idon mai wasa, ko ya fito daga 'yan kallo, ko daga hukuma, ko daga zuciyarsa. Yanayin tunani kuwa shi ne yadda ɗan wasa yake fassara wannan muhimmanci, wato ko yana ganinsa a matsayin dama da yake da ƙarfin cim mata, ko a matsayin barazana da ta fi ƙarfinsa. Matashi ɗan shekara ashirin da biyu da tsohon hannu ɗan shekara talatin da uku suna iya tsayawa a fili ɗaya, a gaban taro ɗaya, amma nauyin da ke kansu ya sha bamban, domin matashin ya san cewa in ya faɗi yau akwai gobe, shi kuwa babban yana ƙirga gasannin da suka rage masa da yatsun hannu ɗaya. Tun da Olamfik sai bayan shekara huɗu take zagayowa, ɗan badmintan da ya yi sa'ar lafiya bai cika samun fiye da uku ko huɗu ba yana kan ganiyarsa. Raguwar damarmaki ita ce asalin matsin lambar ƙarshen zamani, kuma ta bambanta da tsoro na yau da kullum, domin babu wani atisaye da zai ƙara wa mutum shekaru.

A wasan ƙarshe na Olamfik a Beijing a 2008 Lin Dan na ƙasar Sin ya doke Lee da ci 21-12 da 21-8, kuma babu wani dogon bayani da wannan wasa yake bukata, domin an fi shi ne ƙarara a gaban 'yan kallon gidan abokin hamayyarsa. Wasannin da suka bar tabo su ne guda biyu da aka buga a zauren Wembley na birnin Landan. A wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta 2011 Lee ya ci turmin farko 22-20, ya rasa na biyu, sannan a na uku ya samu makin rufe wasa har sau biyu, wato yanayin da maki ɗaya tak ya rage masa ya zama zakara, amma Lin Dan ya kuɓuta daga duka biyun ya ci 23-21. Bayan shekara guda, a zaure ɗaya, aka sake haɗuwa a wasan ƙarshe na Olamfik, alhali Lee bai daɗe da warkewa daga raunin idon sawu da ya ji a watan Mayu a gasar kofin Thomas ba. Ya ci turmin farko 21-15, Lin Dan ya rama da 21-10, a na uku kuma suka tafi kafaɗa da kafaɗa har 19-19, sannan Lin Dan ya ci maki biyun da suka rage, na ƙarshen ya zo ne sa'ad da ƙwallon da Lee ya ɗaga ta zarce layin baya. Lee ya zube a ƙasa ya jingina kai da raket ɗinsa, masu horar da shi suka zo suka tashe shi. A 2013 a Guangzhou suka sake kai wa turmi na uku a wasan ƙarshe na gasar duniya, inda jijiyoyin ƙafarsa suka ɗaure, ya kasa ci gaba ana 20-17, aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya.

Masana sun daɗe suna nazarin abin da ke faruwa da gwani a irin waɗannan mintuna. Roy Baumeister ya wallafa bincike a 1984 da ya nuna cewa matsin lamba yana sa mutum ya juyo da hankalinsa kan motsin jikinsa, kuma wannan sa ido shi ne yake ɓata aikin da jiki ya riga ya saba yi ba tare da tunani ba. Richard Masters da Sian Beilock sun faɗaɗa wannan bayani daga baya. Mai tuƙin mota da ya shekara ashirin a kan hanya bai san lokacin da ƙafarsa take taka birki ba, amma ranar da aka zaunar da mai jarrabawa a gefensa sai ya fara lissafin kowane motsi, tuƙin kuma ya yi tauri. A badmintan abin ya fi tsanani, domin bambancin ƙwallon da ta faɗi a kan layi da wadda ta fita bai wuce faɗin yatsa ba, kuma ɗan ƙarin matsa hannu a kan raket ya isa ya kai ta waje.

Daga nan ne wasu masu sharhi suka yanke hukuncin cewa Lee mai raunin zuciya ne, cewa yana da hannu da ƙafa amma ba shi da ƙarfin halin manyan ranaku. Wannan hukunci ya yi gaggawa, kuma lissafi bai goyi bayansa ba. Ɗan wasan da tsoro ya cinye ba ya kai wa 19-19 a turmin ƙarshe da Lin Dan, wanda ya ci gasar duniya sau biyar da Olamfik sau biyu, kuma da yawa suke ɗauka a matsayin gwanin gwanayen wasan. A karawa 40 da suka yi Lin Dan ya ci 28, Lee ya ci 12, wanda ke nuna cewa ko a ranakun da babu wani zinare a gaba Lin Dan ne ya fi rinjaye. Mai yiwuwa ne matsin lamba ya taɓa hannun Lee a wasu makunan, domin ɗan Adam ne, amma gina bayanin halin mutum gaba ɗaya a kan ratar maki biyu zalunci ne ga hujja. Al'adar 'yan kallo ce, a ko'ina suke, su mayar da sakamako ya zama hali bayan an tashi wasa.

Inda za a auna yanayin tunaninsa da adalci shi ne abin da ya biyo baya, lokacin da ya haura shekara talatin. A gasar duniya ta 2014 a Copenhagen ya sha kashi a hannun Chen Long na Sin a wasan ƙarshe, sannan gwaji ya nuna akwai maganin kumburi mai suna dexamethasone a jikinsa, wanda aka haramta a lokacin gasa. An dakatar da shi wata takwas, aka karɓe lambar azurfar, ko da yake kwamitin da ya saurari ƙarar ya ce sakaci ne, bai ga niyyar maguɗi ba. Ya dawo a watan Mayu na 2015, matsayinsa ya faɗi har can bayan na 100 a jadawalin duniya, ya koma shiga ƙananan gasanni irin na Amurka da Kanada don tara maki, ya kai wasan ƙarshe na gasar duniya a Jakarta a wannan shekara, kuma zuwa tsakiyar 2016 ya koma matsayi na ɗaya. Mutumin da ya riga ya tara dukiya da suna da sarautar Datuk ta ƙasarsa, wanda kuma sunansa ya ɗan taɓu, yana da kowane uzuri na ajiye raket a lokacin, amma ya zaɓi ya sake hawa daga ƙasa.

Gasar Olamfik ta Rio a 2016 ita ta tattara dukkan abubuwan da ake magana a kansu. A wasan daf da na ƙarshe Lee, yana ɗan shekara 33, ya haɗu da Lin Dan, ya rasa turmin farko 15-21, ya ci na biyu 21-11, a na uku kuma ya kai 20-17, makin rufe wasa uku a hannunsa. Lin Dan ya cinye dukkan ukun, aka koma 20-20. Duk wanda ya san tarihin mutanen biyu ya ga Wembley ta dawo, kuma babu shakka shi ma Lee ya gani. In da bayanin raunin zuciya gaskiya ne, a nan ya kamata ya rushe. Sai ya ci maki biyu a jere ya rufe wasan 22-20, ya durƙusa a fili, daga baya suka rungumi juna suka yi musayar riguna. Washegari ya fito wasan ƙarshe da Chen Long, ɗan shekara 27, dogo mai tsananin haƙurin tsaron gida, wanda ya ci nasa wasan a turmi biyu kacal. Kafin wannan rana 'yan Malesiya sun riga sun rasa wasan ƙarshe biyu a Rio, na gaurayen mace da namiji da kuma na maza bibbiyu, don haka begen ƙasa baki ɗaya ya sake komowa kansa shi kaɗai. Chen Long ya ci 21-18 da 21-18. A nan ne iyakar abin da tunani yake iya yi ta bayyana, domin jikin mai shekara 33 ba ya murmurewa a dare ɗaya kamar na matashi, kuma wanda ya zuba duk abin da ke ransa a wasan jiya ba lallai ya sami irinsa yau ba, komai ƙarfin niyyarsa.

Akwai wani bincike da Victoria Medvec da Scott Madey da Thomas Gilovich suka wallafa a 1995, inda suka duba fuskokin waɗanda suka ci lambobi a Olamfik ta Barcelona ta 1992, suka ga masu tagulla sun fi masu azurfa nuna farin ciki, domin mai tagulla yana kwatanta kansa da wanda ya tafi hannu rabbana, mai azurfa kuwa yana kallon zinaren da ya kuɓuce masa. Lee ya ɗanɗana wannan sau uku, kuma abin lura shi ne bai daina ba. A farkon 2017 ya zame a filin atisaye ya ji rauni a gwiwa, amma bayan 'yan makonni ya ci All England yana ɗan shekara 34. A watan Agusta na shekarar Brice Leverdez na Faransa ya fitar da shi a zagayen farko na gasar duniya a Glasgow, aka yi ta cewa zamaninsa ya wuce. A 2018 ya ci zinare a gasar ƙasashe renon Ingila a Gold Coast bayan ya doke Srikanth Kidambi na Indiya, sannan a watan Yuli ya doke Kento Momota na Japan, wanda ya girme wa da kusan shekara goma sha biyu, ya ɗauki kofin Malesiya na goma sha biyu.

Shi ma Lin Dan, wanda babu abin da ya rage masa bai ci ba, bai tsira daga nasa nau'in matsin ba, domin shi da tsohon kansa ake gwada shi. Ya rage tsalle da dukan ƙarfi, ya koma dogaro da sarrafa ƙwallo da jan wasa, ya kai wasan ƙarshe na gasar duniya a 2017 inda Viktor Axelsen na Denmak ya doke shi, ya ci gasar Malesiya a 2019, amma ya riƙa faɗuwa a zagayen farko na gasanni da dama yana neman gurbin Olamfik ta biyar, har ya yi ritaya a watan Yuli na 2020. Lee kuwa abin da ya tsayar da shi ya zo ne daga wajen fili: a watan Satumba na 2018 aka sanar cewa yana da cutar sankara a hanci a matakin farko, ya tafi Taiwan jinya, ya dawo ya ɗan koma atisaye da burin zuwa Olamfik ta Tokyo, amma likitoci suka gargaɗe shi cewa jikinsa ba zai ɗauki horo mai tsanani ba. Ranar 13 ga Yuni, 2019, ya sanar da ritayarsa a gaban 'yan jarida yana hawaye, yana da shekara 36 da kofuna 69.