Takubban Gado: Wanne Ne na Santambul?

 

Tun da aka fara shirin wannan buki, dattawa da dama sun nuna mini takubban gado, kuma kusan kowa cewa yake nasa daga Santambul ya fito. Hujjarsa ita ce jinjirin watan da ke jikin ƙarfen. Da izinin fada, zan yi ɗan gyara.

Zancen bai rasa tushe ba. Tarabulus tana hannun Daular Usmaniyya, ta Turkawa nake nufi ba ta Shehu ba, daga 1551 har 1911, kuma daga can ayari yake tasowa ya bi ta Gat da Agadas ya sauka Damagaram. Sai dai ba duk hajar da ta bi hanyar Turkawa ce ƙirar Turkawa ba. Takobinmu miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu. Ruwansa sau da yawa ƙirar Solingen ce ta ƙasar Jamus, kuma watan nan biyu tambarin maƙeran Turai ne, wanda namu maƙeran suka kwaikwaya daga baya.

Na Turkawa lanƙwasasshe ne. Kilij yana faɗaɗa wajen tsini. Yatagan kuwa ciki yake lanƙwasa, ƙotarsa ta ƙaho ko ta haure, da kunnuwa biyu. A ruwansu ake neman rubutu: "amal" sai sunan maƙeri, "sahib" sai sunan mai shi, wani lokaci da sunayen As'habul Kahfi, sannan shekarar hijira. Shekara ta 1200 ta kama a 1785, ta 1300 a 1882. Idan kuben na azurfa ne, a duba hatimin Sarkin Santambul, domin shi zai faɗi zamanin da aka buga shi. Amma a lura, hatimin kube shekarun kube kaɗai yake faɗa. Ƙarfen yana iya girme shi da ƙarni guda.

Na ga wani takobi da jikan gidan ya goge da rairayi don ya yi ƙyalli ranar hawa. Ya yi ƙyallin, rubutun kuwa ya tafi har abada. Ina roƙon masu gado su bar tsatsa ta sha ɗan mai kawai, su kai wa malami ya karanta abin da ke rubuce tun kafin dillali ya yi musu sallama.