Motar da Take Kashe Kanta: Me Ke Faruwa Idan Muka Yi Mata Kwaskwarima?



Wanda duk ya taɓa shiga ɗaya daga cikin motocin nan na zamani, ya kuwa isa bakin danja direba ya taka birki, mai yiwuwa ne ya ji injin ya yi tsit kamar an zare makulli. Baƙo sai gabansa ya faɗi, ya ɗauka turi ya kama shi. Da direba ya ɗaga ƙafa daga birki, sai injin ya tashi da kansa. Wannan shi ne abin da zan kira tsarin kashe-da-tashi, alamarsa kuwa harafin A ne da kibiya ta zagaye shi. Manufarsa ita ce a daina ƙona mai a banza, domin ƙaramar mota da ke tsaye injinta na aiki takan sha tsakanin rabin lita zuwa lita guda a sa'a.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Toyota ya jarraba ta a motarsa Crown tun 1974, Fiat kuma ya fito da ita a Regata ES a 1983. Amma ba ta bazu ba sai da Tarayyar Turai ta kafa doka a 2009, wadda ta ƙayyade matsakaicin hayaƙin sababbin motoci a kan giram 130 a kowace kilomita. To, motocin da aka ƙera domin cika wannan sharaɗi su ne yau suke iso mana a matsayin 'yan Beljiyam. Tun da aka janye tallafin mai a Nijeriya a 2023 kuwa, ba mai raina ɗigon fetur.

Abin da nake so mu riƙe shi ne, motar nan 'yar lissafi ce. Ba ta kashe injinta sai ta tabbata za ta iya tayar da shi. Kafin ta yi shiru, kwamfutarta takan duba ko injin ya yi zafi, ko ƙofar direba da bonat a rufe suke, ko na'urar sanyaya ciki tana bukatar injin, sa'an nan, fiye da kome, nawa ne ya rage a batir. A kan batir ɗin, ɓangaren nagetif, akwai wani ɗan ma'auni da yake ƙidaya duk wutar da ta shiga da wadda ta fita, tamkar yaron shago mai riƙe da littafin ciniki. A nan ne kwaskwarimarmu take shigowa.

Mu fara da canjin batir, wanda galibinmu ba ma ɗaukarsa kwaskwarima ko kaɗan. Irin waɗannan motoci da batir na musamman suke zuwa, watau AGM ko EFB, waɗanda aka gina domin su jure sauke caji da mayar da shi sau da yawa a yini. Ranar da ya mutu, mai mota ya ji kuɗin sabo, sai mai batir ya ce masa, "Alhaji, ai batir batir ne, ga wannan rabin kuɗi." A sa na gama-gari. Motar ba ta san an yi mata musaya ba. Sai ta ci gaba da ɗora masa nauyin da ba a yi shi dominsa ba, kafin a ankara ya gaji. Har ila yau, a motoci da dama, alal misali BMW, ko da batir na daidai aka sa, wajibi ne a sanar da kwamfuta cewa sabo ne. In ba haka ba za ta riƙa cajinsa da lissafin tsohon da aka cire, ta rage masa kwana.

Sai kuma abin da samari suka fi ƙauna: manyan lasifika da amfilifaya a but, da fitilun ƙawa, da ƙaramin firiji. Ba laifi ba ne mutum ya ji kiɗa a motarsa. Laifin yana wajen haɗa waya. Mai riwaya da ya saba da tsofaffin Fijo zai ɗauki wayar nagetif ya ɗaure ta kai tsaye a kan batir, a bayan ma'aunin nan. Daga ranar, wutar da lasifika suke ja ba ta bi ta littafin ciniki. Kaya na fita ta ƙofar baya, yaron shago yana rantsuwa cewa shago a cike yake. Sakamakon ɗayan biyu ne. Ko dai motar ta kashe injin bisa zaton akwai wuta, ta zo tashi da ƙyar a tsakiyar cunkoso, ko kuwa ta lura lissafinta bai yi daidai da ƙarfin batir ba, ta daina kashe injin ɗungum. Maganin bai fi ƙarfin kowa ba: a ɗaure wayar a jikin ƙarfen mota, domin wutar ta ratsa ma'aunin. Haka ma in za a yi wa batir caji yana cikin mota.

Akwai wani abu kuma. A lokacin da sitata take murza injin, wutar batir mai bolt 12 takan faɗi zuwa wajen 10. Masu ƙera mota sun san da haka, shi ya sa da yawansu suke sa wata 'yar na'ura mai tallafe rediyo da allon gaban direba don kada su ɗauke. Kayan da aka ƙara daga baya ba sa cikin wannan inuwa. Saboda haka ne za ka ga kiɗa ya yanke ko kyamara ta mutu ta sake kunnuwa a kowace danja, mai mota yana ta zagin wanda ya sayar masa da kaya, alhali kayan lafiyarsu lau.

Ba zan daɗe a kan masu taɓa cikin inji ba. Ya isa in ce sitatar irin wannan mota an ƙarfafa ta, metal ɗin karanshaf ma sau da yawa an yi musu shafe na musamman, domin kowace tashi takan same su kafin man inji ya gama zagayawa. Wanda ya musanya su da na gama-gari ya bar tsarin yana aiki, ya sayi aikin gaba.

Yanzu ga wanda ya fi damuna, domin ya wuce maganar kuɗi. Mutane da yawa tsarin yana ba su haushi, kuma ban ga laifinsu ba. A zafin bazara, injin ya mutu, sanyin cikin mota ya fara gudu, wa zai yi murna? Akwai maɓallin kashe shi, amma a yawancin motoci sai an danna a kowace tafiya. Don gudun wannan, wasu sukan cire wayar ma'aunin batir, abin da ke dagula yadda motar take sarrafa caji. Wasu kuma sukan taɓa makunnin da ke gaya wa mota ko bonat a buɗe yake. In an yaudare ta cewa kullum a buɗe yake, tsarin zai daina aiki, amma ƙararrawar ɓarayi tana iya rikicewa. In kuwa an ɗaure shi ya nuna kullum a rufe, kamar yadda akan yi idan makunnin ya lalace ana ƙyashin sayen sabo, to an haƙa rami. Bakanike zai buɗe bonat, ya ga inji shiru, ya zura hannu wajen bel, alhali motar a kunne take, jira kawai take yi. An sa makunnin nan ne musamman domin kada inji ya tashi hannun mutum yana ciki.

Ni a ganina, wanda ba ya son tsarin ya danna maɓallinsa, daƙiƙa guda ce. Ku kuma 'yan'uwa na sashen injiniya da za ku fita koyon aiki a gareji wannan hutu, in an kawo muku mota mai alamar A ɗin nan, ku kashe ta da kanku, ku ajiye makullin nesa da ita, kana ku taɓa inji. In mai ita ya ce tsarin ya daina aiki, kafin ku ɗora wa kwamfuta laifi ku tambaye shi wane batir aka sa masa, kuma me aka ƙara wa motar tun da ta sauka daga jirgi.

Malam Shugaba, na ga lokacina ya cika. Ina sauraron tambayoyi.