Jawabin Yaye Ɗaliban Kimiyya a Lambara

 

Gero da dawa da waken da ake nomawa a ƙasar nan ba su da ikon neman inuwa ko da zafin Sakkwato ya haura digiri 40, kuma a cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, wanda ke lahanta DNA, wato dogon zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin kowace ƙwayar halitta. Allah ya hore wa tsiro wani sinadari mai suna fotolayes, wanda ke amfani da shuɗin hasken ranar wajen gyara wannan ɓarna. Idan kuwa zaren ya tsinke, sinadaran ATM da ATR ne ke gano wurin, su tayar da wani sinadari mai suna SOG1, wanda ɗakin binciken Anne Britt a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya bayyana a 2009. SOG1 ne ke dakatar da rabuwar ƙwayoyin halitta har a kammala gyara, ko ya sa a kashe wadda ta lalace, kamar yadda manomi ke cire tsiron da bai yi kyau ba.

Abin da ya fi shafar manomi shi ne binciken Paul Larsen na Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside, wanda ya nuna cewa a ƙasa mai tsami, inda alminiyam ke narkewa, wannan tsarin tsaro ne da kansa ke tsayar da girman saiwa, kuma saiwar da ba ta nutsa ba ita ce fari ke fara kamawa. Sai dai yawancin wannan ilimi daga Arabidofsis aka samo shi, ɗan tsiron da aka kammala karanta gadonsa a 2000, wanda ba mai cin sa, kuma abin takaici ne a ce geron da ke ciyar da miliyoyin mutane bai samu irin wannan kulawa ba.

Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana nan kusa, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru kuma tana Zariya, saboda haka ana roƙon iyaye da hukuma su tallafa wa duk wanda ya nufi wannan fanni cikin ɗaliban da ake yayewa, mata da maza.