Jawabin Kwamiti a Taron Kaka: Ciwon Rabuwar Hankali

Mai gari, liman, iyayenmu dattawa, uwayenmu mata, da ku ƴan uwa ƴan ci-rani da kunka zo daga Yamai, Kwatanu da Abijan, muna gaishe ku, muna yi maku barka da kaka.

Bana ba zancen rijiya ko na rumbun tsimi munka zo da shi ba. Zancen wani ciwo ne da ke cikin gidajenmu, muna ɓoyon shi.

Kun san yaronmu da ya komo daga Libiya. Ba mu faɗin sunanshi. Shina zaune cikin mutane sai idonshi ya kafe, a kira shi bai amsawa. Wata rana ya fita, sai bayan kwana ukku anka gane shi tashar Tawa, bai san yadda ya je can ba. Munka ce ya haukace. Anka ɗaure shi ga turu, anka yi mashi hayaƙin barkono. Wata biyu shina nan, sai da wani ɗanmu mai aikin likita ya zo hutu ya kwance shi, ya riƙa zama da shi kullum marece. Sannan munka ji cewa an tsare shi a can, an kashe abokin tafiyarshi gaban idonshi. Wannan kunya tamu ce duka, har mu da ke tsaye gabanku.

Likitoci sun san ciwon. Da Faransanci suna ce mashi disosiyasiyon, mu kuwa mu ce rabuwar hankali. In tsoro ko baƙin ciki ya fi ƙarfin mutum, kuma ba hanyar gudu, sai hankalinshi ya janye ya bar jiki nan. Wani ya mance abin da ya faru. Wani ya ji kamar shina kallon kanshi daga nesa. Wata ta faɗi tana makyarkyata, ko ta yi magana da muryar da ba tata ba. Ba da gangan suke yi ba. Raƙumin da kaya sunka yi ma yawa ba shi tashi, kuma bulala ba ta rage mashi kaya.

Kayan kuwa mun san su. Akwai wahalar hanyar Agadas zuwa Libiya. Akwai ɓarayin daji da ke sace mutane wajen Madarumfa da Gidan Rumji, da ƴan uwanmu na Zamfara, Sakkwato da Katsina da sunka gudo jihar Maraɗi tun 2019. Akwai yaron da ya tashi cikin duka, da ɗiyar da anka taɓa ta tana ƙarama ba ta iya faɗi, da wadda anka yi ma auren dole.

Wasu za su ce iska ce. Ba gardama munka zo yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, cikin kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022, ba ta ƙidaya hawan bori da ake yi a fage bisa al'ada cikin ciwo ba. Wanda ta ƙidaya shi ne mai zo ma mutum ba da son shi ba, ya hana shi noma, karatu ko zaman aure. Addu'a da tofi ba su hana zuwa likita. A Dakar, asibitin Fann, likita Henri Collomb da ya kama aiki a 1959 yakan kwantar da marar lafiya tare da wani danginshi, kuma yakan saurari masu maganin gargajiya. Abin da muke roƙo a bari shi ne duka, ɗauri da hayaƙi. Wanda azaba ta kore ma hankali, azaba ba ta maido mashi shi.

To, in abin ya taso ma mutum, mi za mu yi?

Na farko, a watse taro. Mutum guda ko biyu da ya yarda da su sun isa. A janye shi daga wuta, rijiya da wuƙa.

Na biyu, a kira sunanshi a hankali, a gaya mashi inda yake, da ranar da ake ciki, da cewa ba mai taɓa shi. A zuba mashi ruwan sanyi ga tafin hannu. In ya fara amsawa, a ce ya taka ƙasa, ya ja numfashi sannu, ya faɗi abu biyar da yake gani. Kada a tsaya ana yi ma muryar tambayoyi.

Na ukku, in lakwal ne ɗiya guda ta faɗi, a kai ta ɗaki shiru, a raba ta da sauran. Tsoro shina bin ido, shi ya sa kuke jin ɗiya goma sun faɗi rana guda. Kada uba ya fidda ɗiyarshi daga karatu saboda wannan.

Na huɗu, kada mu yanke hukunci da kanmu, don akwai ciwukan da ke kama da shi. Mai farfaɗiya yawanci idonshi buɗe, abin bai wuce minti ɗaya ko biyu, yakan ciji gefen harshe, bayan nan ya yi barci. Mai rabuwar hankali yawanci idonshi rufe gam, abin ya daɗe, shina lafawa shina tasowa. Amma likita ke rarrabewa. In jijjiga ta wuce minti 5, ko akwai zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko mace mai ciki ce, ko an bugu a kai, a nemi mota nan take. Kuma a faɗa ma likita gaskiya in yaro shina shan tramol, don ita ma tana kawo jijjiga.

Maganin fa? Babu ƙwayar da ke warkar da rabuwar hankali ita kaɗai. Likita shina iya ba da maganin rashin barci ko na baƙin ciki mai tsanani, amma maganin farfaɗiya bai yi ma wanda ba ya da farfaɗiya komi. Babban magani zama ne da magana wurin wanda ya koyi aikin, kuma mataki ukku ne. Da farko a sama ma mutum kwanciyar rai: abinci, barci, da nisa da mai cutar shi. Bayan nan ya faɗi abin da ya same shi kaɗan kaɗan, lokacin da ya shirya. Kada a matsa mashi, don tonon da anka yi da gaggawa shina tada ciwon. Daga ƙarshe ya koma gona, kasuwa da masallaci. Abin shina ɗaukar watanni, wani har shekaru. Ana farawa daga likitar garinmu, su ba da takarda zuwa babbar likita. A Yamai sashen shi ne wanda ake kira Pavillon E. In kuwa kunka ji mutum shina zancen kashe kanshi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ranar nan.

Yaronmu bai warke sarai ba tukuna, amma shi ya yi huɗar gonar ubanshi bana.

Ga abin da kwamiti ke kawowa gabanku. A fidda kuɗin mota na marar lafiya da mai rakiya daga asusun ƙungiya. A zaɓi dattijo guda da dattijuwa guda masu riƙe asiri, waɗanda za a kira in abin ya faru. Ku ƴan ci-rani, in ɗan garinmu ya canza maku a can, kada ku sako shi mota shi kaɗai. Kuma mu yi alkawali yau, gaban mai gari da liman, ba a sake ɗaure kowa ga turu a garin nan.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah shi ba marasa lafiyarmu sauƙi, shi maida matafiya gida lafiya.